Rage Ƙiba a Lokacin Hunturu: Sharhi ga Mazauna Madina, Nima da Mamobi

Kowace shekara, daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar arewa ta fara kaɗawa hazo ya lulluɓe sararin Accra, kasuwar masu maganin rage ƙiba takan buɗe a unguwannin Zango. Lokacin yakan zo daidai da bukukuwan ƙarshen shekara, aure da suna da saukar 'yan uwa daga Turai, kowa yana son anko ya zauna masa daidai a jiki. A kasuwar Madina, a cikin motocin haya, a WhatsApp da TikTok, ana tallar shayi da gari da jiƙo da kirarin cewa ganye ne zalla, ba ya cutarwa. A daidai wannan lokaci kuma tari da mura da kaushi da tsagewar leɓe suke shiga gidaje. Haɗuwar abubuwan nan biyu ta haifar da ruɗani kashi uku: wasu sun ɗauka hunturu ne lokacin wankin ciki, wasu sun yarda duk abin da ya fito daga tsiro lafiya ne, wasu kuma suna bin shawarwarin da aka rubuta domin masu sanyin ƙanƙara. Matsayin wannan sharhi shi ne, hanyar rage ƙiba da hujja ta tsaya mata tana cikin kwanon abincin Zango da ƙafafun mai shi, kuma hunturu lokaci ne da jiki ke neman ƙarin ruwa, saboda haka shi ne mafi munin lokacin shan abin da ke tsotse shi.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Ƙiba a wurin likita ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga yi wa lafiya barazana. Ana auna ta da lissafin da ake taƙaita sunansa da BMI, wato a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa. Macen da tsawonta mita 1.6 ne, nauyinta kilo 80, lissafinta ya haura 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba. Wannan lissafi yana da rauni, domin bai san bambancin tsoka da kitse ba, shi ya sa ake haɗa shi da awon ƙugu. Teɓa, wato kitsen ciki, ita ce mafi hatsari saboda tana kewaye hanta da hanji. Ƙugun mace da ya wuce santimita 88, ko na namiji da ya wuce 102, alama ce ta a tashi tsaye, kuma tef ɗin tela ya isa a gane haka. Kalori kuwa ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne, abin da jiki bai ƙona ba sai ya ajiye shi kitse. Akwai kalmomin aro biyu da suka zauna a bakin 'yan talla. Nacural na nufin abin da ya fito daga tsiro ba haɗin masana'anta ba; bayani ne kan asalin abu, ba shaidar ingancinsa ba, tunda zaƙami ma tsiro ne. Ditoks kuma na nufin fitar da dattin jiki, aikin da hanta da ƙoda suke yi dare da rana ba tare da an sayi komai ba.

Yadda ƙiba ta zama ruwan dare a birni

Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta gudanar a 2014 ya nuna kashi 40 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa nauyinsu ya wuce kima ko sun shiga ƙiba, kuma yankin Accra yana sahun gaba. A zagayen 2022 adadin ya kai kusan rabin matan da suka manyanta. Ba halittar mutane ce ta canja a cikin waɗannan shekaru ba, zaman birni ne ya canja musu ci da motsi. Iyayen da suka kafa unguwannin Zango fatake ne da 'yan ƙwadago da mahauta da masu gadi, mutanen da ke cin tuwo mai nauyi su ƙone shi a kan ƙafa. Jikokinsu sun gaji girman malmalar amma ba su gaji tafiyar ba. Mai shago a Zongo Junction tana zaune daga hantsi har bayan isha'i, direba yana kan kujera yini guda, ɗan makaranta yana hawa okada zuwa inda kakansa zai taka. Ɗakunan gidan haya sun yi ƙunci, girki a gida yana cin gawayi ko gas da lokaci, sai sayen abinci a bakin titi ya fi sauƙi.

A dubi kwanon waakye, shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi, wanda ya zama tambarin girkin Zango a faɗin Ghana. Asalinsa abinci ne mai kyau, domin wake yana riƙe ciki yana kuma jinkirta hawan sukari a jini. Amma yadda ake zuba shi a yau, a kan shinkafar akwai taliya, akwai garin rogo da aka jiƙa da mai, akwai soyayyiyar ayaba, sannan miya da shito, wato yajin da aka soya cikin mai, har man ya taru a gindin ganyen da aka naɗe abincin. Abinci mai sitaci kala huɗu ke nan a zama ɗaya, ga kuma mai, alhali cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120. Haka kokon safe, gero ne da citta da kanumfari, sai a ɗura masa sukari da madarar gwangwani, a haɗa da ƙosai ko pinkaso da burodi. Burkina da sobolo, wato zoɓo, da lamurje duk an mai da su mazubin sukari. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana da sukari kusan giram 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, gara ma rabin haka. Majalisar dokokin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi a 2023, sai dai harajin bai isa ga robar sobolon da ake haɗawa a gida ba.

Hunturun Accra ba sanyin Turai ba ne

Hunturu busasshiyar iska ce da ke tasowa daga Sahara ta nufo gaɓar teku, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tashi daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. A Kano ko Maraɗi ko Tamale takan zo da sanyi mai ratsa ƙashi da asuba. A Accra kuwa, saboda kusancin teku, sanyin kaɗan ne, rana tana nan da zafinta, abin da ya fi damun mutane shi ne bushewa da hazo, galibi tsakanin Disamba da Fabrairu. Saboda haka shawarwarin da ake kwasowa daga intanet, irin su ƙara cin mai don jiki ya yi ɗumi ko shan ƙwayoyi saboda rashin hasken rana na watanni, an yi su ne domin Landan da Hambog, ba domin Nima ba. Matsalar nan ta daban ce. Busasshiyar iska tana kwashe ruwan jiki ta fata da numfashi, gumi yana bushewa kafin a gan shi, ƙishirwa kuma tana raguwa da safe, sai mutum ya yini bai sha ruwan kirki ba bai sani ba. Ƙurar tana da ƙananan ƙwayoyi da ke wuce hanci su isa can cikin huhu, ga hayaƙin motoci da ƙona shara da ke ƙaruwa a kai, shi ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Ghana kan fitar da gargaɗi idan hazo ya yi kauri. Masu asma, tsofaffi, jarirai da masu sikila su ne a bakin gaba. Ga mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Masu tafiya arewa kuma su tuna rani ne lokacin sanƙarau a can: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne.

Me shayin rage teɓa yake ragewa?

Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe suna aiki ta hanya biyu, ko su sa gudawa ko su sa yawan fitsari. Ganyen da aka fi sakawa dangin filasko ne, wanda Bahaushe ya daɗe da sani a matsayin maganin taurin ciki na kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya sha zai ga sikeli ya sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin 'yan kwanaki, ciki ya lafe, sai ya gaskata mai talla. Abin da ya fita ruwa ne da bayan gida, kuma jiki ya riga ya tsotse yawancin kalorin abincin tun a ƙaramin hanji, kafin a kai inda ganyen ke aiki. Lamarin kamar wanda ya matse jiƙaƙƙen zane ne ya ce ya rage masa yadi. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori wajen 7,700, babu kofin da zai narkar da wannan a dare uku. Idan aka daɗe ana sha, jiki yana asarar gishirin fotasiyam da bugun zuciya ya dogara a kansa, hanji ya saba sai da turi, ƙoda kuma ta yi aiki cikin ƙarancin ruwa, a lokacin da hunturu ya riga ya ci rabonsa. Taƙaddamar da aka yi a 2023, lokacin da aka yi yunƙurin ƙara kuɗin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Korle Bu daga sidi 380 zuwa sama da 765 a kowane zama, ta nuna wa kowa irin tsadar ciwon ƙoda. Akwai kuma hatsarin algus: hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba masu sunan ganye, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hanyar da hujja ta tsaya mata

Wani babban bincike kan rigakafin ciwon sukari da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002 ya bibiyi mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci, da tafiyar minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwaya. Ga mai kilo 90, wannan buri kilo shida ne da ɗoriya, a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Fassara wannan zuwa girkin Zango ba ya bukatar baƙon abinci. A waakye, a nemi wake ya fi yawa, a zaɓi ɗaya tsakanin taliya da gari ko a bar su duka, a ƙara ganye da ƙwai ko kifi, a ce wa mai abinci ta tsame miya ta bar man. A tuwon zafi, a rage malmala a ƙara miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa, waɗanda ba sa son mai da yawa. Tubani ya fi ƙosai sauƙin mai tunda turara shi ake yi. A rage sukarin koko da na shayi rabi-rabi har harshe ya saba, a kuma matso da abincin dare kusa da magariba maimakon taliyar leda da soyayyen ƙwai da sha ɗayan dare. Zogale, kontomire wato ganyen gwaza, gauta, da lemo da gwanda suna cika ciki da kalori kaɗan. Sobolo marar sukari yana da ɗan tasiri wajen sassauta hawan jini, kamar yadda wani gwaji a Jami'ar Tufts ya nuna a 2010, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Citta da lemon tsami a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro suna kuma sa a sha ruwa. Amfaninsu ke nan, ba sa narkar da kitse. Barcin awa bakwai ma yana cikin lissafi, domin mai ƙarancin barci yunwarsa takan ƙaru.

Motsa jiki a cikin hazo yana bukatar dabara. Minti 30 na tafiya mai sauri, kwana biyar a mako, ya cika ma'aunin. Mazauna Madina suna kusa da hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase, inda ƙungiyoyin motsa jiki ke taruwa da safiyar Asabar, mutanen Nima da Mamobi kuma suna da filin Kawukudi. Amma ranar da hazo ya yi kauri har ana kallon rana ido da ido, gudu a bakin babban titi shaƙar ƙura ne, gara a motsa a cikin gida ko tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa, wanda ya zama dole ya fita ya sa takunkumi. Ɗaure ciki da leda ko majanyin roba don a yi gumi ruwa kawai yake fitarwa. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa, launin fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu, jiki yana bin bashi. A yi wanka da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya tun fata tana da laima, a goge ƙurar ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kafso na kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya maganinta. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a kai shi Babban Asibitin Mamobi ko asibitin gwamnati mafi kusa a gwada tarin fuka.

Ra'ayoyin da ke ja da wannan magana

Masu ja na farko suna cewa ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, matar da ta rame bayan aure dangi za su ce miji ba ya riƙe ta da kyau. Wannan ra'ayi yana da tushe a zamanin da yunwa ce abin tsoro, kuma har yanzu yana da ƙarfin da ke sa wasu 'yan mata shan ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su dexamethasone, masu iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Amsar ita ce ba a neman kowa ya zama siriri, kuma gori ko yi wa mai jiki dariya zalunci ne da ba ya rage kilo ko ɗaya. Abin da ake nema shi ne gwiwa ta ɗauki mai ita, jini da sukari su zauna daidai. Na biyu suna cewa gado ne. Gado yana da hannu, amma binciken RODAM da aka buga a 2016, wanda ya kwatanta 'yan Ghana a gida da waje, ya sami ƙiba a kusan kashi 8 cikin 100 na matan karkara, kusan 34 a birane, sama da 50 a Landan. Jini ɗaya ne, wurin zama da abinci ne suka bambanta. Na uku suna cewa abinci mai gina jiki na masu kuɗi ne. Gaskiya ne kifi da 'ya'yan itace sun yi tsada, kuma wanda ke lissafin sidi zai sayi abin da ya fi ƙosarwa. Amma barin lemon kwalba, rage sukari da rage mai ajiyar kuɗi ne, kuma kuɗin fakitin shayin rage teɓa zai sayi wake da ganye na kwanaki.

Ja mafi nauyi shi ne na masu cewa kakanninmu da ganye suka rayu, don me za a raina shi? Ba a raina shi ba. Ghana tana da Cibiyar Binciken Magungunan Tsirrai a Mampong ta Akuapem tun 1975, wadda Dakta Oku Ampofo ya assasa, tana da dokar shekarar 2000 da ta kafa majalisar kula da masu maganin gargajiya, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ce ke da hurumin yi wa irin waɗannan kaya rajista. Ma'anar haka ita ce ganye ma ana gwada shi, a san adadinsa da illarsa. Tsohuwar da ta ba jikanta filasko ta san ganyen, ta san yawan da za ta jiƙa, ta san ranar dainawa. Robar da ba ta da suna ko lambar rajista ko jerin abin da ke ciki ba gadon kakanni ba ce, hajar ɗan kasuwa ce.

Azumi, da waɗanda bai kamata su rage ba

Watan Ramadan yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan masu zuwa zai riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Janairu da Disamba, wato tsakiyar hunturu. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna mai azumi kan rage kimanin kilo ɗaya, yawancinsa kuma ya dawo cikin makonni bayan Salla, saboda buɗa-baki da soye-soye da zaƙi. Haɗa azumi da shayin gudawa a busasshiyar iska ganganci ne. Abin da ya dace shi ne a rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur. Koyarwar hadisin da ya yi umarni da raba ciki gida uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi sananniya ce a kowane masallacin Zango, aiki da ita ne ya rage. Sannan ba kowa ne kiran rage ƙiba ya shafa ba. A kasuwar da mai shago ke fama da teɓa, a nan 'yan mata masu dako, waɗanda ake kira kayayei, suke yini da kaya a ka da abinci kaɗan. Mai ciki, mai shayarwa, yaro mai tasowa da mai sikila kada su rage abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya, haka mai shan maganin sukari, don kada sukarinsa ya faɗi. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, asibiti ya kamata ya nufa.

Abin da zai biyo baya

Idan aka ci gaba a haka, hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda za su ƙara yawa a cikin gidajen da kuɗin magani na wata-wata ya fi ƙarfinsu, kuma mata, waɗanda su ne ginshiƙin kasuwancin Zango, su za su fi ɗanɗanawa. Gyara yana hannun mutane da yawa. Limamai da sarakunan Zango suna da mumbari da fada da za su yi maganar nan ba tare da kunya ba. Ƙungiyoyin mata da ke tara kuɗin biki za su iya ware safiya biyu a mako don tafiya tare, wanda ya fi sutura da aminci ga mace fiye da fita ita kaɗai. Masu sayar da abinci za su iya barin mai saye ya zuba sukarinsa da kansa. Hukumar Abinci da Magunguna kuma ta bi tallar da ke yawo a wayoyi kamar yadda take bin ta rediyo. Kai kuwa mai karatu, kafin hunturun bana ya wuce, auna ƙugunka, auna jininka da sukarinka, rage zaƙi da mai, yawaita ruwa da tafiya, kuma kada ka sha abin da ba ka san abin da ke cikinsa ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.